Yadda Ake Bin Diddigin Mujallun Bayan Fage na Zamanin Kiɗan Rok Daga Nan Legas

Wanda ya saba bi ta wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a Yaba ko Ojuelegba ya san cewa, a cikin tarin littattafan makaranta da na wa'azi, wani lokaci akan yi tsintuwar tsohuwar mujallar kiɗa ta ƙasar waje, takardarta ta yi ja, bangonta ɗauke da hoton wani mai gashi buzu-buzu rungume da jita. Wannan bayani na rubuta shi ne domin ɗalibi ko matashin ɗan jarida Bahaushe mazaunin Legas, wanda yake so ya san daga inda irin wannan rubutu ya taso, da yadda ya haɗu da zanen barkwanci mai zafi a cikin jaridun da ake kira na bayan fage. Tun farko ya kamata a gane cewa sunan yana da ɗan ruɗarwa, domin waɗannan jaridu na matasan Amurka da Ingila, waɗanda suka yi tashe daga 1964 zuwa tsakiyar shekarun 1970, a bakin titi ake tallarsu da rana tsaka. Abin da ya mai da su na bayan fage shi ne sun fito daga wajen manyan kamfanonin jarida, suna adawa da yaƙin Biyetnam, suna kuma buga abin da editocin manyan jaridu ba za su taɓa ba.

Aikin farko shi ne ka samu faffaɗar takarda guda, ka raba ta gida uku, ka jera shekaru a gefe. A gida na farko ka sa jaridun bore. Los Angeles Free Press ta fara a 1964 a hannun Art Kunkin. Berkeley Barb a Kalifoniya, da East Village Other a Niyok, da Fifth Estate a Ditiroit duk sun fito a 1965. International Times ta fito a Landan a watan Oktoba na 1966, aka yi bikin ƙaddamar da ita a zauren Roundhouse inda ƙungiyar Pink Floyd ta yi wasa. Oz kuwa ta fara a Sidni ta Ostireliya a 1963, sannan Richard Neville ya kai ta Landan a 1967. A gida na biyu ka sa mujallun kiɗa: Crawdaddy, wadda Paul Williams ya fara a watan Fabrairun 1966 yana ɗan shekara 17, ya gurza ta da ƙaramin injin gurza takardu irin na ofishin makaranta, Rolling Stone, wadda Jann Wenner da Ralph Gleason suka kafa a San Faransisko da jarin dala 7,500, fitowarta ta farko tana ɗauke da kwanan wata 9 ga Nuwamba 1967 da hoton John Lennon, sai Creem ta Ditiroit a 1969. Gida na uku na zane ne, kuma babbar shekararsa ita ce 1968, lokacin da littafin zane na Zap Comix na Robert Crumb ya fito. Amfanin wannan takarda shi ne idonka zai ga abin da karatu a jere yake ɓoyewa, wato cewa abubuwan uku duk sun taso a cikin shekara huɗu ko biyar, a garuruwa ƙalilan, kuma sau da yawa a hannun mutane guda. Rick Griffin, wanda ya zana tambarin Rolling Stone, yana cikin masu zanen Zap. Crumb ne ya zana wa Creem ɗan mutum-mutumin kwalbar da ta riƙa amfani da shi a matsayin alama, shi ne kuma ya zana bangon faifan ƙungiyar Janis Joplin a 1968.

Bayan haka, kafin ka karanta ra'ayin kowa, ka tambayi yadda aka buga abin da kuma wanda ya biya. Duk wanda ya taɓa kai aikin kalanda ko katin biki Shomolu zai fahimci wannan da sauri. A shekarun 1960 injin ofset ya yi araha, kuma hanyarsa ta bambanta da ta tsohon injin da ake jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya. Mutum yana iya buga rubutunsa da tafireta, ya yanka da almakashi, ya manna a kan kwali tare da zane da hoto yadda ransa yake so, maɗaba'a ta ɗauki hoton shafin ta buga dubbai. Shi ya sa shafukan suke a hargitse, rubutu a karkace, launi a kan launi har wani lokaci karatun ya gagara, musamman a Oz da San Francisco Oracle. Shi ya sa kuma mai zane ya samu fili daidai da marubuci, tunda manna zane bai fi manna rubutu tsada ba. A 1966 jaridu biyar suka kafa ƙungiyar Underground Press Syndicate, bisa sharaɗin kowace tana iya sake buga abin da 'yar'uwarta ta buga ba tare da biyan ko sisi ba, kuma cikin 'yan shekaru mambobinta sun haura ɗari. Ta wannan hanya zanen da Gilbert Shelton ya fara a jaridar The Rag ta Teksas a 1968, na wasu 'yan shaye-shaye uku marasa aikin yi, ya zagaya Amurka da Turai. Darasin aiki a nan shi ne, in ka ga zane ko sharhi a wata jarida, kada ka yi saurin rubuta cewa a nan ya fara fitowa, domin sau da yawa kwafi ne na uku ko na huɗu.

Maganar kuɗi ta fi ta injin nauyi. Kuɗin da mai karatu yake biya bai isa ya riƙe jarida ba, don haka mafi yawansu sun dogara ga tallan kamfanonin faifai da ƙananan tallace-tallacen neman abokan holewa. Wato jaridar da take zagin 'yan jari-hujja a shafi na biyu, kamfanin faifai na Columbia ne yake biyan kuɗin takardarta a shafi na goma. Idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Saboda haka, idan fitowa guda ta zo hannunka, ka fara da ƙananan abubuwa: kwanan wata, farashi, adireshin ofis, jerin sunayen ma'aikata, sannan ka ƙirga shafukan talla ka rubuta sunan kowane kamfani. Daga nan ka karanta wasiƙun masu karatu, domin a can ne za ka ji wane ne yake saye. Sai a ƙarshe ka zo ga sharhin faifai, ka duba ko faifan da aka yaba na kamfanin da ya sayi cikakken shafi ne. Ba kullum za ka samu alaƙa ba, amma wanda bai duba ba ba shi da bakin magana.

Game da rubutun kiɗan kansa, ya kamata ka san abin da ya gabace shi domin ka gane sabon abin da ya kawo. Kafin 1966 akwai jaridun kiɗa, irin su Melody Maker da ta fara a 1926 da NME da ta fara a 1952, amma aikinsu a kan kiɗan matasa bai wuce jerin faifan da suka fi kasuwa ba, da labarin irin abincin da mawaƙi yake so. Aiki ne irin na sanƙira, mai kwarzanta gwani ba tare da ya auna waƙar ba. Paul Williams na Crawdaddy ya zo ya rubuta a kan faifan rok kamar yadda malami yake sharhin baitocin rubutacciyar waƙa, yana tambayar abin da sautin yake nufi da abin da ya ji a ransa. Richard Goldstein ya buɗe filinsa a Village Voice a 1966, Ellen Willis ta zama mai sharhin kiɗan zamani ta farko a New Yorker a 1968, Robert Christgau kuma ya fara ba wa faifai maki irin na jarrabawa a 1969. Wanda ya fi kowa tasiri a kan salo shi ne Lester Bangs, wanda ya yi aiki a Creem daga 1971 zuwa 1976, ya rasu a 1982. Rubutunsa dogon surutu ne mai cike da zambo, yakan yi faɗa da mawaƙin da yake hira da shi, ya kuma tona nasa asirin a gaban mai karatu.

Hanyar da ta fi amfani wajen nazarinsu ita ce ka zaɓi faifai guda, ka nemo sharhi uku a kansa daga mujallu uku, ka saurari faifan tukuna, ka rubuta naka ra'ayi a shafi ɗaya, sannan ka buɗe nasu. In ka fara da nasu, kunnenka zai koma aro. Ka kuma lura da wanda ba ya nan. Kiɗan rok daga kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ya samo tushe, amma marubutan waɗannan mujallu kusan dukansu farare ne, maza, 'yan jami'a, kuma abin da suka zaɓa su kira kiɗa mai zurfi yana bin wannan layi. Ka ɗauki fitowa goma sha biyu na shekara guda ka ƙirga fuskokin da ke bango da kanka. Ƙidayar da ka yi da hannunka ta fi maganar da ka ji a bakin wani ƙarfi a cikin rubutu.

Zanen yana da nasa tarihin, kuma ba a fahimtarsa sai an koma 1954. A wannan shekara, bayan zaman da wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya yi a kan zargin cewa littattafan zane suna lalata yara, kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tacewa mai suna Comics Code Authority, wadda ta hana tsiraici da zubar da jini da raina 'yan sanda ko alƙalai. Littafin da ba shi da hatiminta, yawancin dillalai ba sa ɗauka. Mad ta zanen barkwanci, wadda Harvey Kurtzman ya fara a 1952, ta kuɓuta ne ta hanyar komawa mujalla a 1955, kuma yaran da suka tashi da karanta ta su ne suka girma suka zama masu zanen bayan fage. Kurtzman ɗin ne ma ya buga ayyukan farko na Crumb da Shelton a mujallarsa Help. Da Zap ya fito, a titin Haight na San Faransisko aka fara sayar da shi, daga cikin keken tura jarirai. Daga baya ƙananan kamfanoni irin su Print Mint, Rip Off Press da Last Gasp suka ɗauki bugawa, ana sayarwa a shagunan kayan shan tabar wiwi, inda hatimin hukumar ba shi da wani tasiri. Idan kana karanta shafi, ka riƙe jerin abubuwan da hukumar ta hana a gefenka, za ka ga mai zanen yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana karyawa da gangan.

A nan dole in yi wa mai karatu hannunka-mai-sanda. Yawancin waɗannan zane-zane suna cike da tsiraici da batsa da shaye-shaye, don haka ba abin buɗewa ba ne a cikin motar haya ko a tsakar gida inda yara suke. Abin da ya fi wannan ciwo ga ɗan Afirka shi ne yadda Crumb ya riƙa zana baƙar mace da manyan leɓɓa da zobba, irin hoton raini na zamanin bauta. Masu kare shi suna cewa habaici yake yi wa wariyar launin fata da ke cikin zukatan fararen Amurka. Ni dai a ganina, habaicin da wanda aka zalunta ne yake jin zafinsa, shi kuwa azzalumin yana dariya, ya saki hanya. Ka duba da idonka ka yanke naka hukunci, amma kada ka rubuta tarihin ka tsallake wannan shafi. Matan da ke cikin harkar ma sun yi irin wannan ƙorafi a kan yadda ake wulaƙanta mace a zanen, har Trina Robbins ta jagoranci fitar da littafin zane na mata zalla a 1970, aka kuma kafa Wimmen's Comix a 1972. Ka karanta su tare da Zap, gefe da gefe.

Shari'o'in kotu su ne wurin da hujja ta fi yawa, domin a can aka ajiye komai a rubuce. A watan Mayun 1970 Oz ta ba wa 'yan makarantar sakandare fitowa ta 28 su shirya da kansu, wani yaro ya yanko kan wani sanannen ɗan beyar na littattafan yara ya manna a jikin zanen batsa na Crumb. A 1971 aka gurfanar da editocinta, Neville da Jim Anderson da Felix Dennis, a kotun Old Bailey ta Landan, aka yi kusan mako shida ana shari'a, aka yanke musu ɗauri, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Ɗaya daga cikin yaran, Charles Shaar Murray, ya koma NME a 1972, kamar yadda Nick Kent da Mick Farren suka baro jaridun bore suka shiga can. A Amurka kuwa, hukuncin kotun ƙoli na 1973 a shari'ar Miller ya ba wa kowane yanki damar auna batsa da ma'aunin mutanensa, sai masu shaguna suka ji tsoron ajiye littattafan. A shekarar ce kuma sojan Amurka suka fice daga Biyetnam, Oz ta rufe, takarda ta yi tsada. In kana bayanin mutuwar harkar, ka kawo waɗannan dalilai tare, ka kuma nuna inda ruwan ya gangara: mujallar Punk ta Niyok a 1976, wadda ta haɗa hira da mawaƙa da zanen hannu a shafi guda, ƙaurar Rolling Stone zuwa Niyok a 1977 bayan ta zama babban kamfani, da mai zane Art Spiegelman, wanda ya fara labarin iyayensa a shafi uku na wani littafin bayan fage a 1972, ya ƙare da lambar Pulitzer a 1992.

Samun kayan karatun daga Legas ya fi yadda ake zato sauƙi, muddin ba ka nace sai takardar asali ba. Abin da za ka tsinta a Yaba yawanci fitowar baya-bayan nan ce. Tsofaffin suna intanet: tarin Independent Voices da ke rumbun intanet na JSTOR kyauta ne, Jami'ar Wollongong ta Ostireliya ta ɗora Oz, International Times tana da nata rumbu, Rock's Backpages kuwa na kuɗi ne. Ka nemi wanda ya ɗauki hoton cikakken shafi, domin wanda ya kwafe rubutu kaɗai ya zubar da talla da zane, wato rabin hujjarka. Ka sauke lokacin da kake da data mai araha, ka sa wa kowane fayil sunan mujalla da lamba da shekara tun a ranar.

Sashen da zai bambanta aikinka da na ɗalibin Landan shi ne na Legas kanta, domin garin yana cikin labarin. Bayan yaƙin basasa an yi ƙungiyoyin rok a nan, irin su BLO da Ofege, wadda yaran makarantar St Gregory ta Obalende suka kafa. Ginger Baker, makaɗin gangar ƙungiyar Cream, ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti a Ikeja, Paul McCartney kuma ya ɗauki faifai a ɗakin EMI na Apapa a 1973. Fela ya je Los Anjalis a 1969, daidai lokacin da jaridun bore suke ganiyarsu, ya dawo da aƙidar 'yancin baƙar fata. Ya riƙa sayen filin talla a Daily Times da Punch yana buga ra'ayinsa a ƙarƙashin taken Chief Priest Say, Lemi Ghariokwu kuma ya zana masa bangon faifai 26 tun daga 1974, waɗanda suke aikin da zanen bayan fage ya yi a can: zambo ga masu mulki a cikin hoto mai cunkoso. Amma ka yi hattara da jera abubuwa a layin da ba nasu ba. Drum da Spear da Lagos Weekend na manyan kamfanoni ne, Ikebe Super da Wale Adenuga ya fara a 1976 kuwa barkwanci ne na kasuwa. Aikin jarida na ɓoye na ainihi a Legas ya zo ne a 1993 da bayanta, lokacin da ma'aikatan TheNews suka fitar da Tempo bayan an rufe su, su da mujallar Tell suna sauya maɗaba'a dare da rana, wakilin TheNews a Kaduna, Bagauda Kaltho, ya ɓace a zamanin Abacha. Haɗarin da ɗan jaridar Legas ya fuskanta ya fi na ɗan San Faransisko nesa ba kusa ba, kuma ya kamata rubutunka ya nuna ka san haka.

Don wannan sashe za ka taka da ƙafa: Laburaren Ƙasa da ke Yaba, laburaren Jami'ar Legas a Akoka, gidan tarihin Fela mai suna Kalakuta a titin Gbemisola na Ikeja, da rumbun tarihi na ƙasa a Ibadan. Za ka tarar da giɓi, kuma wani giɓin yana da dalili, domin a ranar 18 ga Fabrairun 1977, kwana shida bayan rufe FESTAC, bikin al'adun baƙar fata da aka yi a Legas, sojoji sun ƙone gidan Fela da kayan da ke ciki. Giɓin da ya fi damuna shi ne namu. A daidai shekarun nan Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos suna ganiyarsu, faifansu yana juyawa a Agege da Idi-Araba da Obalende, amma abin da Hausawan Legas suka faɗa a kan wannan kiɗa, da a kan na Fela da suke ji ta katanga, a baki ya tsaya. Dattawan da suka ga zamanin suna nan a Zangon Agege. Ka je ta hannun wanda suka sani, bayan la'asar, ka gaisa yadda ya kamata, kada ka ciro waya sai ka nemi izini. Kada ka fara da maganar rok, domin za a ɗauka shiririta ta kawo ka. Ka ce, "Baba, Allah ya ƙara lafiya, a shekarar da aka yi FESTAC a wace unguwa kuke, kuma wane faifai ake yawan sawa a garmaho?" Daga nan maganar za ta kai kanta inda kake so. Ka tambayi shagon da ake sayen faifai, da farashinsa, da ko wani yana karanta musu jarida, ka rubuta ranar hirar da wurin.

Idan dattijo ya ciro maka tsohuwar mujalla ko jakar faifai daga ƙasan adaka, ka ɗauki hoton kowane shafi a gabansa, har da bangon baya, ka mayar masa da abinsa a ranar. Wadda ka saya da kuɗinka kuwa, ka sani danshin Legas da gara da kyankyasai sun fi shekaru saurin cin takarda. Ka cire ƙarfen da aka ɗinke ta da shi in ya yi tsatsa, kada ka manna yagewa da salatif domin yana ƙona takarda, ka shimfiɗa ta a kwance tsakanin fararen takardu, a cikin akwatin da ke sama da ƙasa da aƙalla kamu biyu saboda ambaliyar damina, kuma ka riƙa buɗe akwatin tana shan iska duk lokacin hunturu.